Kan sarkin Jamus mai rubutun 2000 Jahre Trier: na mene ne, kuma zai yi kuɗi?

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya, ya ce yana gyaran akwatin takardun mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa da rahama, sai ya ci karo da wani tsohon ambulan da aka aiko daga Jamus, a jikinsa akwai kan sarki mai zanen wani baƙin gini mai tagogi birjik, an rubuta Deutsche Bundespost da lamba 80, sannan ga 2000 Jahre ga kuma Trier. Yana so ya san na mene ne, da gaske akwai garin da ya kai shekara dubu biyu a Jamus, sannan in an kai kasuwa zai yi wani abin kirki ko a'a.

Toh Malam, bari in fara da maganar kuɗin tunda na san ita ce ta fi tsaya maka a rai, ba zai yi kuɗi ba. Wanda aka riga aka buga wa hatimi irin naka 'yan santi kaɗan ne a wajen dillalai, sau da yawa ma a cikin tarkace ake haɗa shi a sayar da awo, sabo fil wanda bai taɓa hawa wasiƙa ba shi ma da ƙyar ya kai yuro ɗaya. Zan dawo kan dalili. Amma kar ka jefar, don abin da ke hannunka yana da labari mai daɗi, kuma ambulan ɗin da kansa ya fi kan sarkin muhimmanci.

Shi wannan kan sarki gidan wayar Jamus ta Yamma ne ya fitar da shi ranar 12 ga Janairu 1984, don bikin cikar birnin Trier shekara 2000 da kafuwa. A kundin Michel, wanda shi ne littafin da duk mai tara kan sarkin Jamus yake dubawa, lambarsa 1197, shi ne ma na farko a jerin waccan shekarar. Lamba 80 ɗin nan fenik ce, wato kaso 80 cikin 100 na mak ɗaya, kuɗin Jamus kafin yuro, kuma ba haka kawai aka zaɓe ta ba, daga tsakiyar 1982 zuwa farkon 1989 kuɗin aika wasiƙa ta yau da kullum mara wuce giram 20 a cikin ƙasar kenan. Ka ga kenan an yi shi ne don ya yi aiki kullum, duk wanda zai rubuta wa kakarsa ko ya aika takardar neman aiki zai iya manna shi. Wasiƙar jirgi zuwa Afirka ta fi haka tsada, shi ya sa ina kyautata zaton in ka duba ambulan ɗinka da kyau za ka ga ba shi kaɗai ba ne, an haɗa shi da wasu don kuɗin ya cika. Kuma ba abin mamaki ba ne a same shi a gidajenmu, a shekarun nan akwai ɗalibai da ma'aikata da suka je kwas Jamus suna rubuto wa gida, ga kuma masu sauraron sashen Hausa na Muryar Jamus wanda tun 1963 yake, lokacin yana birnin Kolon, mutane na ta musayar wasiƙu.

Rubutun Deutsche Bundespost shi ke nuna maka na Yamma ne. In da na Gabas ne DDR za ka gani, in kuma an ƙara Berlin a bayan Bundespost toh na Berlin ta Yamma ne, wadda take da nata kan sarkin daban har zuwa 1990. Daga 1995 ne aka koma rubuta Deutschland kawai. Da wannan kaɗai za ka iya kimanta shekarun duk wani kan sarkin Jamus da ka tsinta a cikin akwatin nan ba tare da ka tambayi kowa ba.

Yanzu ga ginin. Sunansa Porta Nigra, ƙofar gari ce irin yadda muka san ƙofofin ganuwar Kano, sai dai ita da dutse aka yi ta kuma hawa-hawa ce, tsayinta ya kusa mita 30. Rumawa ne suka gina ta wajajen shekara ta 170 miladiyya a matsayin ƙofar arewa ta ganuwar da ta zagaye garin, ganuwar ta haura kilomita 6. Abin da ke burge ni da ita shi ne babu siminti babu kwaɓi ko kaɗan, manya-manyan duwatsu ne aka sassaƙe aka ɗora wani kan wani, wasu nauyinsu ya kai tan shida, sai a haɗa su da ƙarfe a zuba narkakkiyar darma a kai ta riƙe. In ka matsa kusa da bangon za ka ga ramuka ko'ina a mahaɗar duwatsun kamar an ƙwaƙule, wannan aikin mutanen da suka zo daga baya ne, ƙarfe ya yi tsada sai suka riƙa haƙo shi suna kai wa maƙera, amma duk da haka ginin bai motsa ba saboda nauyin duwatsun ne ke riƙe da juna. Dutsen ma asalinsa ba baƙi ba ne, mai haske ne, shekaru da iska da ruwa ne suka rinar da shi.

Sauran ƙofofin garin duk an cinye su, mutane sun kwashe duwatsun sun yi gidaje da majami'u. Ita wannan abin da ya cece ta wani mai zuhudu ne Kirista mai suna Simeon, haifaffen Sisili wanda ya zauna a Sina'i, ya zo Trier ya shaƙu da babban limamin cocin garin Poppo, sai ya sa aka toshe shi a wani ɗaki a hasumiyar gabas ta ƙofar yana ibada har ya mutu a 1035. Bayan mutuwarsa aka ɗauke shi waliyyi, aka mai da ƙofar coci mai hawa biyu, aka cike ƙasanta da ƙasa aka yi matakala, toh ka san ba mai zuwa ya saci dutsen coci. Haka ta zauna shekara kusan 770 har Napoleon ya zo garin a 1804 lokacin yankin na hannun Faransa, ya ba da umarni a cire duk abin da aka ƙara a mai da ita yadda Rumawa suka bar ta. Ba a cire duka ba, har yau akwai wani sashe na cocin manne a gefen gabas, kuma in ka lura a zanen kan sarkinka hasumiya ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta gabas ce ta rasa hawanta na sama. A 1986, shekara biyu bayan fitowar kan sarkin, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran gine-ginen Rumawa na garin. Can kusa da ita kuma a kan titin Simeon akwai gidan da Karl Marx ya tashi, shi ma ɗan Trier ne, 1818 aka haife shi.

Toh amma ga wani abu, ƙofar da aka zana ba ta kai shekara 2000 ba a lokacin, garin ya girme ta da wajen shekara 190. An sa ta ne don ita kowa ya sani. Daga ina kenan aka samo 2000 ɗin? Nan ne ni a wajena maganar ta fi daɗi, don in ka daɗe kana tara irin waɗannan kan sarki na cikar shekarun garuruwa za ka gane cewa lambar da ake bugawa a jiki ba kullum take nufin abu ɗaya ba, kuma ba kullum take da ƙarfi ɗaya ba.

Galibin garuruwan Jamus ba ranar kafuwarsu suke ƙirgawa ba don ba wanda ya san ta, ranar da sunansu ya fara bayyana a wata takarda suke ƙirgawa. Frankfurt ta yi bikin 1200 a 1994 saboda wata takardar sarki Charlemagne ta shekarar 794 ta ambace ta, alhali akwai mutane a wajen tun kafin nan. Potsdam ta yi na 1000 a 1993 saboda takardar kyauta da sarki Otto na uku ya rubuta a 993. Na Berlin ma ya fi ban dariya, takardar 1237 da aka dogara da ita ba Berlin ta ambata ba, wani limamin coci ne na Cölln, garin da ke tsallaken kogi wanda daga baya suka haɗe, aka sa sunansa a cikin shaidu, shikenan daga nan aka ɗauko lissafi, kuma a 1987 Gabas da Yamma kowa ya yi nasa bikin 750 kowa ya buga nasa kan sarki, ana gasar wa ya fi cancanta da tarihin. Wato da takardar ta ƙone a wata gobara, ko da an tsinci wata da ta girme ta a wani ɗakin ajiya, da shekarun garin sun canza.

Garuruwan da Rumawa suka kafa a bakin kogin Rhine da Mosel su kuma matsalarsu daban, babu takardar kafuwa, sai dai a haɗa abin da marubutan Rum suka faɗa da abin da aka tono a ƙasa. Mainz tun 1962 ta yi bikin 2000 har da kan sarkinta na fenik 20, bisa lissafin shekara ta 38 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma masana daga baya sun fi karkata ga cewa sansanin sojan da garin ya samo asali daga gare shi wajajen 13 ko 12 aka kafa shi, kenan an yi gaggawar biki da kusan shekara 25. Kan sarkin dai ya riga ya fita, ba a janye shi. Augsburg ta yi nata a 1985, Bonn a 1989, Speyer a 1990, Koblenz a 1992, kowa da nasa kan sarki, kuma har gobe ana ja-in-ja kan wane ne gari mafi tsufa a Jamus, Worms na cewa ita ce, Kempten na cewa ita aka fara ambata a rubuce, Kolon ma ba ta yarda a bar ta a baya.

Hujjar Trier ni a ganina ta fi ta yawancinsu ƙwari, ba don ina son garin ba. Sunanta na Rumawa Augusta Treverorum, wato garin sarki Augustus a ƙasar ƙabilar Treveri, sunan kansa ya ɗaure ta da zamanin mulkinsa. Sannan an tono turakun itacen oak na gadar farko da Rumawa suka kafa a kan kogin Mosel, aka ƙirga zoben da ke cikin itacen. Ka san in aka yanke bishiya a ƙasashen da ke da hunturu da bazara za ka ga zobe-zobe a kututturen, kowace shekara ɗaya, shekarar ruwa zoben ya yi faɗi shekarar fari ya tsuke, toh masana sun jera wannan tsarin na itatuwan yankin shekara da shekaru baya, in aka kawo tsohon katako sai a gwada shi da jerin a ga inda ya dace, in ɓawonsa na nan har shekarar da aka sare shi ana iya faɗa. Turakun gadar sun nuna wajajen shekara ta 17 kafin miladiyya. Kuma abin da Trier ke tutiya da shi shi ne ita tun farko gari aka tsara ta da tituna a miƙe, ba barikin soja ba ce da kasuwa ta taru a bakinta. Daga baya ma ta zama mazaunin sarakunan Rum, Constantine ya zauna a can, babban zauren fadarsa na wajajen 310 yana nan tsaye har yau.

Sau da yawa za ka ga an rubuta 16 maimakon 17, kar ya ruɗe ka. In ka haɗa 16 da 1984 ka samu 2000 cif, amma kalandar miladiyya ba ta da shekarar sifili, daga 1 kafin haihuwa sai 1 bayan haihuwa, don haka in za a bi ƙa'ida daga 17 ne lissafin ke cika a 1984. Ko ta wanne ka bi dai ba a yi nisa da gaskiya ba. Su mutanen garin na da can ma 2000 ta yi musu kaɗan, a jikin wani gida da ake kira Jan Gida a bakin babbar kasuwa akwai rubutun Latin da ke cewa Trier ta riga Rum da shekara 1300, bisa wata tatsuniya cewa wani ɗan sarkin Assuriya mai suna Trebeta ne ya gudo ya kafa ta. Wannan kam ba wanda ya kai ta gaban gidan waya.

Yadda gari ke samun irin wannan kan sarki kuwa ba wai magajin gari ne zai buga waya a buga masa ba. A lokacin naka ma'aikatar gidan waya ta tarayya ce ke da iko, daga 1998 aka mai da shi hannun ma'aikatar kuɗi. Kowa na iya aika shawara, gari ko ƙungiya ko mutum ɗaya, sai wani kwamiti ya zauna ya tace batutuwan da za a yi a shekara, wajen 50 ne kawai ke tsallakewa, sannan wani kwamitin daban na masu zane, wanda tun 1954 yake, ya duba zanukan da aka gayyaci ƙwararru su kawo ya zaɓi ɗaya. Garuruwan da ke cika shekaru masu sifili a kowace shekara sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, don haka da yawa haƙuri suke yi da hatimi na musamman da gidan wayar garin zai riƙa bugawa na ɗan lokaci.

Mu koma kan kuɗi. Dalilin da ya sa ba ya tsada shi ne an buga shi miliyoyi masu yawa, kuma a shekarun 1970 da 1980 tara kan sarki ya zama ruwan dare a Jamus ta Yamma, mutane na yin rajista da gidan waya ana aiko musu da duk sabon da ya fito, wasu shafi guda cur suke saya su adana suna ganin jari ne za su bar wa jikoki. Da kowa ya ɓoye, ai ba abin da zai yi ƙaranci. Sai kuma yuro ta zo, daga ƙarshen Yuni 2002 kan sarkin da ke da farashin mak ya daina aiki a kan wasiƙa, ko fenik 80 ɗin nan da ya kama kimanin santi 41 ba za ka iya morarsa ba. Ga masu tarawar sun tsufa, magada na ta fito da kundaye kasuwa, masu saye sun ragu. A harkar nan tsufa ba ya sa tsada, ƙaranci ne da lafiyar kaya da yawan masu nema. Jerin kan sarkin Jamus ta Yamma da ake kira Posthorn na 1951 zuwa 1952 in sabo ne da danƙonsa yana kuɗi sosai, don lokacin mutane na fama da talaucin bayan yaƙi ba wanda ke da sukunin ajiye masu tsadar cikinsu. Can ƙololuwa kuma akwai irin kan sarkin Baden, wata tsohuwar masarauta a Jamus, na 1851 mai kuroza 9 a kuɗinsu na lokacin, da aka yi kuskure aka buga a koriyar takarda, 'yan ƙwaya ne suka rage a duniya, an sayar da ɗaya a gwanjo a 2019 kan yuro miliyan 1.26. Naka ba ya cikin wannan sahun, kuma in ka ga wani ya sa irinsa a intanet da farashin dubban daloli kar zuciyarka ta buga, kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama, abin dubawa shi ne nawa aka saya. Haka in wani ya ce ka turo kuɗin tantancewa zai haɗa ka da mai saye a Turai, ka riƙe kuɗinka. Jabu kuwa kar ka damu, ba mai ɓata lokacinsa ya yi jabun abin da na gaskensa bai kai kuɗin buga shi ba.

Abin da zan roƙe ka shi ne kar ka ɓanɓare shi daga jikin ambulan. Da ka cire ya zama ɗaya daga cikin miliyoyi, amma a inda yake yana tare da hatimi da adireshi da rubutun hannun wanda ya aiko. Ka samu gilashin ƙara girma ka duba hatimin, na Jamus zagaye ne, a sama akwai sunan gari, a ƙasa lambarsa mai lamba huɗu irin ta wancan lokacin kafin a koma biyar a 1993, Trier 5500 ce, Kolon 5000, Bonn 5300, a tsakiya kuma kwanan wata, rana da wata da shekara, sai wata lamba a ƙarshe wadda ita ce awar da aka buga, in ka ga 18 toh ƙarfe shida na yamma kenan. In Allah Ya sa kwanan watan 12.1.84 ne toh wasiƙar ranar farko ce, masu tarawa na ɗan fifita ta duk da ita ma ba wani kuɗi ba ne. Ka juya bayan ambulan ɗin ma, wani lokaci akwai hatimin gidan wayar da ta sauka a nan gida, da shi za ka san kwana nawa ta yi a hanya.

Wajen ajiya, manyan abokan gabarka damina da gara da kyankyaso ne, laima ce ke kawo ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa a jikin takarda kuma in sun fito ba sa fita, danƙon baya kuma kyankyaso na sonsa. Kar ka yi masa laminetin, kar ka sa salatif ko gam ko ƙusar sitefula, duk lalata shi suke yi. Ka sa ambulan ɗin a tsakanin farar takarda mai tsabta guda biyu, ka sa a fayil, a ajiye a sama inda iska ke shiga ba a ƙasan akwati a jikin bango ba, kuma nesa da hasken rana don yana kashe launi. In leda za ka sa kar ka ɗaure bakinta a lokacin damina, gumi take tarawa. In akwai wasu kan sarkin da suka riga suka rabu da ambulan ɗinsu a cikin akwatin, ka riƙa ɗaukarsu da hantsaki mai faffaɗan baki ba da yatsa ba, ka kula da haƙoran gefe don ko ɗaya ya gutsure darajar ta faɗi, sannan ka ware duk wanda ka ga shekarunsa sun yi ƙasa da 1955 gefe guda, a cikin waɗannan ne ake ɗan sa ran dacewa, su ne ya kamata ka ɗauki hotonsu gaba da baya ka nuna wa wanda ya san harkar.